Fotal ɗin Makaranta da Haƙƙin Sanar da Iyaye: Nazari a kan Halin da Ake Ciki a Arewacin Nijeriya

 

Muƙaddima

Mas'alar da na zo da ita gaban wannan majalisi ita ce ta shafukan nan na intanet da makarantu suke buɗewa a wannan zamani, waɗanda jama'a suke kira fotal, inda akan ba ɗalibi da mahaifinsa da malaminsa kowa sunan shiga da lambar sirri, domin uba ya ga makin da ɗansa ya ci da ranakun da ya yi fashi da abin da ake binsa na kuɗin makaranta, ɗalibi ya ɗauki aikin gida ya yi ya mayar, malami kuwa ya zuba abin da a da yake rubutawa a rijista da katin sakamako. Masu sayar da waɗannan manhajoji suna cewa sun haɗa gida da makaranta, kuma ba na musun cewa a wasu wurare sun haɗa ɗin. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, sanar da iyaye halin da 'ya'yansu suke ciki wajibi ne da ya rataya a wuyan makaranta tun asali, kuma wannan wajibi ba ya sauka don kawai an zuba labari a wani shafi an ce mai so ya zo ya duba. Ba ya sauka sai labarin ya isa kunnen wanda yake riƙe da yaron, a kan kari, cikin harshen da yake ji.

Asalin haƙƙin

Magabata ba su bar wannan babi a buɗe ba. Shehu Zarnuji, a cikin Ta'alimul Muta'allim, littafin da almajiran ilmi na ƙasarmu suka daɗe da sani, ya bayyana cewa karatu yana bukatar himmar mutum uku, wato ɗalibi da malami da uba idan yana raye. Tun kafin shi da ƙarnuka, Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, ɗaya daga cikin manyan Malikawa, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa Adabul Mu'allimin a kan hukunce-hukuncen malaman yara, kuma daga cikin abin da ya ɗora wa malami har da ya riƙa lura da kansa da waɗanda ba su zo ba, ya kuma sanar da waliyyansu. Ku dubi inda ya ajiye nauyin. Malamin da aka danƙa wa amana shi aka ce ya kai labari, ba a bar shi ga uba ya yi ta sintiri yana cigiya ba.

A makarantar allo ta cikin unguwa wannan aiki yana gudana ba tare da an ji nauyinsa ba, domin malam maƙwabci ne, sahu ɗaya yake bi da iyayen yara sau biyar a yini, kuma yaron da ya ƙi zuwa da safe kafin azahar an tura gardi ya leƙa gidansu, ko kuma malam ya tare uban a ƙofar masallaci ya ce, “Alhaji, yau ban ga mutumina ba, lafiya dai ko?” Kuɗin Laraba da yaro yake kaiwa kowane mako, da sadakar da akan yi idan ya kai wani matsayi a karatu, har zuwa walimar sauka, duk hanyoyi ne da gida yake sanin inda allo ya tsaya. Da karatun boko ya shigo, tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sai nisa ya fara shiga tsakani, saboda karatun baƙo ne ga iyaye, sau da yawa kuma makarantar ta kwana ce a wani gari. Da shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, sai sadarwar ta taƙaita ga abu biyu: katin sakamako a ƙarshen zango, da taron ƙungiyar iyaye da malamai, wanda galibi zancen kuɗi yake cinye shi. Aibin katin sakamako kuwa sananne ne, yana zuwa ne bayan aikin gama ya gama. Uba yana samun labarin fashin da ɗansa ya yi a makon farko na zango bayan wata uku sun shuɗe.

Wannan giɓi shi ne fotal ya yi alkawarin cikewa, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Ta ƙofar da ya shigo mana

Ina ganin yana da muhimmanci mu lura cewa mu a Nijeriya ta hannun hukumomin jarrabawa muka fara sanin fotal, ba ta hannun malamin aji ba. Bayan wayar salula ta shigo a 2001, kuma shagunan intanet da ake kira kafe suka yaɗu a birane, hukumar WAEC da ta NECO suka mayar da duba sakamako kan intanet, sai ɗalibi ya sayi kati ya kankare ya shigar da lambar da ke ciki. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, ta kawo tsarin ba da gurbin karatu na CAPS a 2017, sannan daga 2021 ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ga duk mai son yin rajista. Waɗannan matakai sun yi fa'ida a muhallinsu, domin sun rage doguwar tafiya da jiran takarda, sun kuma toshe wasu ƙofofin maguɗi. Amma hukumar jarrabawa sau ɗaya take hulɗa da ɗalibi, ta karɓi kuɗinsa ta ba shi sakamakonsa su rabu, alhali makaranta kullum tana tare da yaro shekara da shekaru. Da makarantu masu zaman kansu suka tashi buɗe nasu fotal ɗin, da yawansu sai suka kwaikwayi siffar da suka gani a wurin hukumomin, suka tsaya ga abu biyu, biyan kuɗi da duba sakamako, har wasu suka ɗaura na biyun a kan na farko, ta yadda wanda bai gama biya ba shafin ɗansa yana kulle, wanda ya biya ma sai ya ƙara sayen katin dubawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a irin shagunan nan a makon da aka ba da hutu ya ga abin da nake faɗa. Za ka ga dattijo ya zo da 'yar takarda a ninke cikin aljihun gaban riga, ɗansa na biye da shi, ya miƙa wa mai shago takardar mai ɗauke da lambar sirrin da aka ce kada a nuna wa kowa, ya zauna a benci yana jiran sabis ya dawo, in an yi sa'a shafi ya buɗe, a buga masa a takarda, ya biya kuɗin dubawa da na bugawa, sa'an nan ya juya ga yaron ya ce, “To, karanta mini.” Yaron da ake son a kai ƙararsa ko a yaba masa shi ne ya zama tafinta tsakanin malaminsa da mahaifinsa, kuma a gidaje da yawa shi ne ma yake riƙe da lambar sirrin tun farko. Abin da dattijon nan ya tafi da shi gida katin sakamakon nan ne dai na da, a lokacin nan dai na da, sai dai an ƙara masa kuɗi da wahala. Makarantar da ta tsaya a nan ta ce ta sanar da iyaye, misalinta kamar sanƙiran da aka ba shela ne ya shiga ɗaki ya ja ƙofa sa'an nan ya ɗaga murya.

Abin da bincike ya nuna

Kada a ɗauka wannan illa ta talauci ce ko ta rashin karatu kaɗai. A Amurka, inda wuta da intanet suka wadata, masanin tattalin arziki Peter Bergman ya bi diddigin yadda iyaye suke amfani da fotal a makarantu masu yawa, ya tarar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka taɓa shiga, kuma shigar ta fi yawa a makarantun masu hali da waɗanda 'ya'yansu dama suke da ƙoƙari. Ma'anar wannan ita ce, fotal ɗin da aka bari yana jiran mai zuwa yana iya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, ya bar na baya a inda yake.

Daga nan shi da abokin aikinsa Eric Chan suka juya al'amarin. A makarantun sakandare 22 na jihar West Virginia suka haɗa rijistar malamai ta kwamfuta da na'urar aika saƙon tes, ta yadda kowane mako saƙo zai tafi da kansa zuwa wayar iyaye yana faɗin aikin da yaro bai kawo ba da darussan da bai halarta ba. Natijar da suka wallafa ita ce faɗuwa a darussa ta ragu da kashi 27 cikin ɗari, halartar aji ta ƙaru da kashi 12, ko da yake, domin a yi wa magana adalci, makin jarrabawar jiha bai motsa ba. A wani gwaji da Bergman ya yi tare da Todd Rogers da wata abokiyar aikinsu a birnin Washington, iyayen da aka ce su shiga shafi su yi rajistar karɓar irin wannan saƙo, waɗanda suka yi ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba. Da aka sauƙaƙa aka ce su amsa da tes kawai, sai suka kai kashi 11. Waɗanda kuwa aka sa su kai tsaye aka ce wanda ba ya so ya fita, kashi 95 suka zauna. Iyayen nan duka iri ɗaya ne, ƙaunarsu ga 'ya'yansu ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne wanda aka ɗora wa nauyin tattaki.

A nahiyarmu ma akwai shaida, kuma ta fi kusa da halinmu. Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, ƙungiyar Young 1ove ta Botswana ta gwada hanya biyu a gidaje kimanin 4,500: wasu ana aika musu da tes na lissafi kowane mako, wasu kuma ana ƙara musu da kiran waya na kamar minti 20 wanda malami zai yi magana da yaro da mai kula da shi. Tes shi kaɗai bai yi wani tasiri mai ɗorewa ba, amma da aka haɗa shi da muryar mutum sai karatun yaran ya ɗaga. A Jamhuriyar Nijar kuwa, Jenny Aker da abokan aikinta sun nuna a azuzuwan yaƙi da jahilci na jihohin Dosso da Damagaram, inda ake koyarwa da Hausa da Zabarmanci, cewa manyan da aka koya wa sarrafa ƙaramar waya sun fi takwarorinsu riƙe karatu da lissafi. A wani bincike na baya kuma suka ga cewa kiran waya na mako-mako zuwa ga malami da hakimin ƙauye da wasu ɗalibai ya kyautata sakamakon azuzuwan. Duk waɗannan an yi su ne da ƙaramar wayar nan da ke hannun mai kayan miya da ɗan acaɓa, ba a bukaci data ko babbar waya ba.

Sharuɗɗan da ƙasarmu ta gindaya

Sharaɗi na farko harshe ne, kuma a kansa zan fi daɗewa. Kusan duk fotal ɗin da ake sayar wa makarantunmu da Turanci yake magana, alhali iyaye masu yawan gaske a ƙasar Hausa, maza da mata, malamai ne a fagensu, sun sauke Alƙur'ani, wasu sun karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, suna rubutu da ajami, ba su dai yi boko ba ne. Mutumin da yake warware mas'alar rabon gado ba za a ce ya kasa fahimtar cewa 'yarsa ta yi fashi kwana uku ba. Abin da ya hana shi fahimta shi ne an faɗa masa da harshen da ba nasa ba. Saƙon Hausa gajere, ko saƙon murya ga wanda bai iya karatun boko ba, shi ne mafi ƙarancin abin da ya cancanta. Jama'armu sun riga sun nuna mana hanya, domin a WhatsApp saƙon murya ne abin da tsoho da tsohuwa suka fi sakewa da shi, kuma a lokacin korona, sa'ad da jihohi irin su Kano da Kaduna suka so darasi ya shiga gidaje, rediyo da talabijin suka nufa. Manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022 ta tanadi darussa ga ɗalibai, kuma aiki ne mai kyau, amma tanadin darasi daban, kai wa iyaye labarin ɗansu daban.

Sai kuma tambayar wa za a sanar. Takardar shiga makaranta lambar uba take nema, uba kuwa ya fita kasuwa ko ofis tun da hantsi, wani ma yana Legas ko Fatakwal wajen nema, ba ya dawowa sai da salla. Wadda ta san ko yaro ya karya kumallo, ko ya fita da jaka, ko ya buɗe littafi da dare, ita ce uwa. A wani gidan kuma kaka ce, ko gwaggo, ko kawu, tun da riƙo al'ada ce mai ƙarfi a cikinmu, marayu kuma ba su da kaɗan. Ba ina kira a tsallake maigida ba ne, domin shi ne waliyyi kuma da izininsa za a yi. Ina cewa a tambaye shi tun ranar rajista wace lamba ta biyu za a ƙara, ta wanda yake wuni da yaron. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta so ilmi ya isa ga matan karkara, jajis ta naɗa suka riƙa kai musu har gida, kuma wannan tsari na 'Yan Taru ya ishe mu hujja cewa kai ilmi da labarinsa cikin gida sunna ce ta magabatanmu.

Game da wuta da sabis ba sai na tsawaita ba, kowa a nan ya san shagon mai caji. Zan dai tunatar da cewa a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, har tsawon makonni. Makarantar da ta jefar da rijistar takarda ta dogara ga intanet kaɗai ta yi ganganci.

Akwai kuma malami, wanda masu tallan manhaja ba su cika ambatonsa ba, alhali duk abin da uba zai gani a shafi da yatsun malami ya shiga. Ku ɗauki malamar da take da aji mai yara 80, ta gama gyaran takardun jarrabawa, ta rubuta maki a rijista, sa'an nan a ce ta sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya a wayarta, da datar da ta saya daga albashinta, da tsakar dare lokacin da sabis yake da dama; a ajin nan akwai A'isha Muhammad uku da Abubakar Sani biyu, shafi kuwa yana iya ɗaukewa kafin ta adana, ta koma farko. Kuskure ɗaya a nan yana iya jawo wa yarinya duka a gida a kan laifin da ba nata ba. Wajibi ne makaranta ta ɗauki kuɗin data, ta ware lokaci cikin sa'o'in aiki, ta ba kowane yaro lamba tasa da ba ta rikicewa da ta wani, kuma ta taƙaita abin da ake nema ga abin da yake da fa'ida: ya zo ko bai zo ba, ya kawo aiki ko bai kawo ba. Haka nan a kiyaye wa malami mutuncinsa da lokacin hutunsa, domin zaurukan WhatsApp na iyaye, waɗanda a makarantu da yawa su ne fotal na haƙiƙa, sun zama wurin da ake tuhumar malami a bainar jama'a da sha ɗayan dare.

Amana da sitiri

Abin da yake cikin fotal sirrin gidajen mutane ne: sunan yaro da hotonsa, unguwarsu, lambar mahaifiyarsa, rashin lafiyarsa, bashin da ake bin ubansa. A ƙasar da aka sha sace ɗalibai don neman kuɗin fansa, jerin da yake nuna ɗan wane ne wannan da inda yake kwana abu ne mai haɗari ƙwarai idan ya faɗa mugun hannu. Kada kuma a ce girman kamfani kariya ne. A watan Disamba na 2024 ɓarayin intanet suka shiga rumbun PowerSchool, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan sana'a, da lambar sirrin da suka sata, suka kwashi bayanan miliyoyin ɗalibai da malamai na Amurka da Kanada, har kamfanin ya biya fansa. Edmodo kuwa, wanda malamai a ƙasashe da yawa suka dogara da shi, ya rufe ƙofarsa a watan Satumba na 2022, kowa ya shiga neman inda zai kai kayansa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma shar'anta neman yardar uba ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro; ya kamata kowane mai makaranta ya san cewa wannan doka ta hau kansa, ya tambayi wanda ya sayar masa da manhaja ina ake ajiye bayanan, wa yake iya gani, kuma me zai faru da su ranar da aka raba gari.

Sitiri ya shafi yaron kansa ma. Liƙa sakamakon aji gaba ɗaya a zauren iyaye, kowa ya ga wanda ya zo na ƙarshe, ko jera sunayen waɗanda ba su biya ba, tozartawa ce da shari'a ba ta yarda da ita ba, hankali ma bai yarda ba. Kuma saƙon da ba ya zuwa sai da mugun labari zai sa gida ya tsani ƙarar wayar. Idan yaro ya yi abin kirki, a faɗa wa iyayensa wannan ma.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun ilmi na jihohinmu, waɗanda suke ba makarantu izinin aiki, da hukumomin ilmin bai-ɗaya, su hana sayar wa iyaye katin duba sakamakon 'ya'yansu da kulle shi saboda bashi, su kuma sa sharaɗi cewa duk manhajar da za a kawo ta iya aika saƙo da Hausa, a rubuce da kuma da murya, zuwa ƙaramar waya, a ranar da yaro ya yi fashi. Ku kuma shugabannin makarantu da kuke zaune a nan, ba sai kun jira ma'aikata ba: idan zango mai zuwa ya kama, ku ƙara layi biyu a takardar rajista, ɗaya na lambar wanda yake wuni da yaro, ɗaya na harshen da yake so a yi masa magana da shi, ku sa kowa a cikin tsarin tun farko, wanda ba ya so ya ce a cire shi.